Tambaya da Amsa: Mayar da Tsohuwar Kwamfuta Sabar Don Raba Fayiloli

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Zariya, muna aiki da kwamfutoci shida, kuma da filashi muke ɗaukar aiki daga wannan zuwa waccan, har ta kai ba ma gane wane kwafi ne na ƙarshe, ga kuma bairos da filashin ke yaɗawa. Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da muka ajiye. Shin za ta iya zama ma'ajiyar da kowa zai riƙa shiga, kuma wace babbar manhaja ta dace da ita? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ta iya, domin raba fayiloli ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi sosai, matuƙar faifan ajiyarta lafiyayye ne.

Shawarata ita ce ka ɗora mata OpenMediaVault, wadda aka gina a kan Debian, kyauta ce, kuma da zarar an girka ta, daga burauzar wata kwamfutar ake sarrafa komai. TrueNAS ma tana da kyau ƙwarai, sai dai tana son ƙwaƙwalwar RAM ta aƙalla gigabait 8, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Wanda ya saba da rubuta umarni yana iya ɗaukar Ubuntu Server, samfurin LTS da ake kula da tsaronsa tsawon shekara 5. Duk wadda ka zaɓa, manhajar da ke yin ainihin aikin ita ce Samba, wadda Andrew Tridgell ya fitar a Ostireliya a 1992, kuma ita ce ke magana da Windows ta ƙa'idar raba fayiloli da ake kira SMB, ta yadda ma'aikacinka zai ga foldar sabar, wato tsohuwar kwamfutar da ta zama ma'ajiyar kowa, tamkar a kwamfutarsa take.

Ka haɗa sabar da rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin shagon da juna, ta kebul maimakon Wi-Fi, sannan ka ba sabar adireshin IP tsayayye, wato lambar da sauran kwamfutoci ke gano ta da ita, domin idan adireshin yana sauyawa, wata safiya ma'aikata za su nemi foldar su rasa.

Inda nake so ka fi mayar da hankali shi ne izinin shiga, domin a nan ne masu ƙananan ofisoshi suka fi yin sakaci. Kowane ma'aikaci a buɗe masa sunansa da kalmar sirrinsa, kada a yi kalma ɗaya ta kowa da kowa, saboda ranar da wani ya bar aiki sai a rufe nasa kawai. Foldar ayyukan kwastomomi kowa ya iya rubutu a cikinta, amma ta lissafin kuɗi ta tsaya a hannunka kai kaɗai, ayyukan da aka kammala kuwa a mayar da su na karantawa kawai. Takardun da mutane ke kawo maka, irin su sakamakon jarrabawa da takardun filaye, amana ce, bai kamata duk wanda ya zauna a kujera ya iya buɗe su ba. Haka kuma kada ka kunna tsohon samfurin SMB1, kuma kada ka buɗe ƙofa ta 445, wato mashigar da SMB ke bi, ga intanet, domin ta raunin SMB1 ne bairos ɗin WannaCry ya bazu a duniya a watan Mayun 2017.

Idan da hali, ka sa faifai biyu masu kwafar juna, tsarin da ake kira RAID 1, don idan ɗaya ya mutu aiki ya ci gaba. Sai dai fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa ne a dukansu lokaci guda, don haka dole ka tanadi faifai na waje da za ka riƙa kwafe komai a kai duk mako, ka cire shi, ka ajiye a gida. Ɗaukewar wuta ana tsaka da rubutu tana lalata fayiloli, saboda haka ka haɗa sabar da rautar a kan UPS, na'urar batir wadda za ta riƙe su har a tayar da janareta ko a kashe sabar yadda ya kamata.