Ku Tambayi Anti: "An ce in zuba sidi 2,000 in kawo mutum biyu, kuɗi su riƙa shigo min ina ɗaki"

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku ne suka taru min wannan makon duk a kan abu ɗaya, harkar nan da 'yan boko suke cewa netwok maketin, mu kuma a zango muke ce mata kawo mutum a biya ka. Ta farkon ce zan fi daɗewa a kanta, domin amsarta ta ɗauki rabin na sauran.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Aboabo: "Anti barka da aiki. Ni matar aure ce da yara uku, ɗinki nake a gida amma kinsan ɗinki sai sallah ko biki. Wata ƙawata da muka yi makarantar allo tare ta kai ni taro wani otal a Adum, aka nuna mana hotunan motoci da mutane a Dubai, akace kayan gyaran jiki ne, shayi da kofi da sabulu da man goge baki, in nayi rijista da sidi 2,000 za'a bani kaya sai in kawo mutum biyu suma su kawo biyu biyu, kuɗi na shigo min ta MoMo ina zaune a ɗaki. Ƙarshen wata zan kwashi adashi, maigida yace shi ba ruwansa. Dan Allah in shiga ko kar in shiga, in kuma na shiga ta yaya zan gina abun ya zama sana'a?"

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun kuɗin adashin basu bar hannunki ba, yawancin masu rubuto min sai bayan sun zuba suke tunawa dani. Ba zan ce miki duk kamfanin da yake irin wannan tsari ɓarawo bane, akwai masu kaya na gaske da mutane suke saye suna amfani dasu, amma akwai tambaya guda ɗaya da nake so ki riƙe kamar yadda kike riƙe almakashinki: kuɗin da za'a biya ki, daga aljihun wa suke fitowa? In daga hannun mai saye ne, wadda ta sayi sabulu don tana son sabulun, ta yi wanka ya ƙare ta dawo ta sake saye, toh wannan ciniki ne kamar na kowace mace a kasuwar Kejetia. In kuwa daga kuɗin rijistar wadda kika jawo ne, ita ma tana jiran na wadda zata jawo, toh ba ciniki kike ba, kuɗin ƙawarki kike karɓa kina miƙa kaso mafi tsoka ga na samanki.

Mu yi lissafin biyu biyu ɗin nan tare, don a taron basu yi muku shi har ƙarshe ba, nasan a layi na huɗu ko na biyar suka tsaya aka fara tafi. Ke kin kawo 2, su sun kawo 4, sai 8, sai 16. Layi na goma mutum 1,024 ake nema, layi na ashirin sun wuce miliyan ɗaya, layi na ashirin da biyar shi kaɗai yana buƙatar sama da mutum miliyan 33, alhali ƙidayar 2021 ta ce duk Ghana da jarirai da tsofaffi mu miliyan 30.8 ne. Kuma abun da yafi damuna a lissafin shine ko a wane layi aka tsaya, wajen rabin duk waɗanda suka shiga suna layin ƙarshe ne, sun biya kuɗinsu babu kowa a ƙasansu. Ba ragwanci ne ya jawo musu ba, haka ginin yake. Ke da kika ji labarin yanzu a otal, bayan abun ya zaga Asawase da Sabon Zongo da Tafo, ki tambayi kanki wane layi ya rage miki.

Ba a nan kaɗai aka yi wannan rigimar ba. A Amurka inda abun ya samo asali, hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta binciki Amway, wani kamfani mai irin wannan harka, a 1979 ta yanke cewa ba tsarin dala bane irin na yaudara, wato ginin nan mai faɗin gindi da 'yan ƙasa suke biyan 'yan sama, kuma dalilin da ta kafa hujja dashi yana da amfani gare ki: kamfanin yana da dokar cewa sai ɗan kasuwa ya sayar da kashi 70 cikin ɗari na kayan da ya ɗauka, sai ya sayar wa masu saye daban daban guda goma a wata, kuma kamfani yana karɓar kayan da suka ƙi fita. A 2016 kuma wannan hukumar ta sa wani kamfanin irinsa, Herbalife, ya biya dalar Amurka miliyan 200 ya kuma gyara tsarinsa yadda lada zai dogara da kayan da aka sayar da gaske. Kinga ko can magana ɗaya ce, ana sayarwa mutanen waje ko 'yan ciki ne suke sayen kayan junansu.

Saboda haka kafin ƙarshen wata ga aikin da zan baki. Ki ce wa ƙawar taki ta baki sabulu uku da shayi kwali biyu a farashin da 'yan ciki suke ɗauka, ba tare da rijista ba, ki kai wa matan da kike wa ɗinki, kar ki ce musu komai a kan shiga harka ko mota ko Dubai, ki faɗi kuɗin kawai ki ga fuskarsu. In sabulun ya ninka na kasuwa sau huɗu ko biyar, matar da take lissafin kuɗin koko da ƙosan yara da safe ba zata saya sau biyu ba, ta farkon ma don kunyarki ce. In kuwa sun saya har wata ta aiko yaro bayan sati biyu tace a ƙaro mata, toh kin samu kayan da zaki iya gina sana'a a kansu. In ƙawar tace ai ba'a bada kaya sai an yi rijista, wannan ma amsa ce.

Sai ki duba kwalin da kanki, ki nemi lambar rijistar FDA, hukumar abinci da magunguna, da ranar da kayan zasu lalace. Kuma dan Allah ki kiyaye bakinki a nan, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana a tallata abu da cewa yana maganin cututtuka irinsu ciwon suga da hawan jini da kansa, amma a tarukan nan haka ake koya wa mata su faɗa, sai ki ga dattijuwa ta ajiye ƙwayar da likita ya bata a asibitin Komfo Anokye ta koma shan shayin kwali don 'yar maƙociyarta ce ta kawo mata. Wannan alhakin ba ƙarami bane, ba sidi nawa bane zai wanke shi. Takardar rijistar kamfani da suke ɗagawa a taro kuma kar ta ruɗe ki, tana nuna an rubuta sunan kamfani ne a ofishin gwamnati, bata nuna ke zaki ci riba ba. Mu da muka ga abun da ya faru da kamfanin ajiyar kuɗi na DKM a Sunyani a 2015 da kamfanin zinare na Menzgold a 2018, duk da su ba sabulu suke sayarwa ba, mun san ofis mai gilashi da takarda a bango basa hana kuɗin mutane nutsewa.

Zan faɗa miki abun da na gani a gidanmu. 'Yar yayata ta shiga wani kamfani irin wannan shekarun baya, ba zan kama suna ba. Ranar da naje duba ta bayan ta haihu na sunkuya zan jawo tabarma a ƙarƙashin gado sai hannuna ya ci karo da kwalaye, na jawo ɗaya na ga kofi ne an jera shi ko ledar ba'a ɓare ba, na juya gindinsa kwanan watan ya wuce da wata huɗu. Kwali bakwai na ƙirga. Tace min Anti ai dole ne duk wata sai ka sayi kaya na wani adadi in ba haka ba makinka ya zube ba za'a biya ka kwamishan ba, shine take saye da kuɗinta don kar ta faɗo daga matakin da ta kai. Kwamishan ɗin da yake shigo mata ta MoMo tana murna tana ɗorawa a WhatsApp, da muka zauna da biro muka haɗa, bai kai rabin abun da take zubawa ba, ba'a ma sa kuɗin trotro zuwa taro da kati da data ba. Amma ba kuɗin ne suka sa ta kuka ba ranar, ƙanwar mijinta da ta saka a ciki ce ta daina gaishe ta, ko sunan jaririn bata zo ba.

Wannan shine abun da nake ji miki tsoro fiye da sidi 2,000. A taron za'a ce ki rubuta sunan mutum ɗari da kika sani, su waye mutum ɗarin nan in ba 'yan'uwanki da matan islamiyya da waɗanda kike wa ɗinki ba? Jarin da ake nema a wajenki kenan, yardar da mutane suka yi miki shekara da shekaru. Mu a zango gida ɗaya ake tsakar gida ɗaya, wadda kika ja ta yi asara gobe ita zaki tarar a bakin famfo.

In bayan gwajin nan kin ga kayan suna fita kuma zuciyarki ta kwanta, toh ki shiga a matsayin mai sayar da kaya, ki ɗauki mafi ƙanƙantar rijista, kar ki yarda da maganar wai babbar rijista tafi kawo maki. Kar ki ci bashi, kar ki zuba adashin gaba ɗaya. Ki samu littafi irin wanda kike rubuta awon mutane ki raba shafi biyu, abun da ya fita da abun da ya shigo, har kuɗin mota ki rubuta, ki ba kanki wata uku. Ki tambaya a rubuce ko suna karɓar kayan da suka kwana, da kuma nawa ne dole ki saya duk wata. Kar ki saka kowa a ƙasanki sai kin ga da idonki cewa ke kanki kina cin riba daga sayarwa zalla, in kin tashi sakawa kuma ki nuna mata littafin naki ba hoton motar wani ba. Ni dai da ni ce ke, gaskiya sidi 2,000 ɗin nan atamfa da leshi da zare zan saro, in ɗinka kayan yara in ajiye kafin azumi, tunda wannan sana'ar tana hannunki kuma ribarta babu wani na sama da zai raba da ke. Maigida kuma ki sake zaunar dashi, "ba ruwana" ɗin nan ranar da kuɗi suka maƙale zai zama da ruwansa.

Tambaya ta biyu daga wani matashi a Asawase: "Anti ni na riga na shiga, wata takwas kenan, na sa abokaina uku, kaya sun taru min kuma wanda ya saka ni yana cewa in ƙara haƙuri masu barin harka sune basa cin nasara. Ya zanyi?"

Ɗana ka yi lissafin da na faɗa a sama daren yau, wata takwas sun isa su nuna maka gaskiya. In ka ga asara ce ka tsayar da sayen wata wata tun yanzu, kuɗin da suka tafi ba zasu dawo don ka ƙara wasu a kai ba, kuma shi mai ce maka ka yi haƙuri yana da kaso a duk kwalin da ka saya, ka sa wannan a ranka in yana magana. Kayan da suke hannunka ka fara neman kamfani ya karɓa, in sun ƙi ka karya farashi ka sayar kafin su lalace. Abokanka uku kuma ka je ka same su ido da ido ka nuna musu lissafinka ka basu haƙuri, zai yi nauyi amma sun fi yafe maka in daga bakinka suka ji. In kuma akwai wanda aka karɓi kuɗinsa da alkawarin aiki ko tafiya waje, wannan ya wuce maganar kasuwanci, ku kai ƙara wajen 'yan sanda ko EOCO, hukumar yaƙi da zambar kuɗi, da rasit da saƙonnin MoMo ɗinku.

Ta uku gajeriya ce, wata malamar islamiyya daga Alabar take tambaya ko kuɗin halal ne.

Malama ke ya kamata mu tambaya, amma ga ɗan abun da na sani. Ladan dillanci halal ne, ka haɗa mai saye da mai sayarwa a baka la'ada, kakanninmu da shi suka yi fataucin goro daga nan har Kano. Inda malamai da yawa suka tsaya shine in kayan sun zama lulluɓi kawai, mutum yana biyan kuɗi ne don fatan wasu kuɗin da bai san ko zasu zo ba, wannan ya shiga garari, wato cinikin da ba'a san ƙarshensa ba, kuma hadisi ya tabbata a Sahih Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Kwamitin fatawa na Saudiyya ma ya taɓa haramta irin wannan tsarin na dala a kan wannan dalilin da kuma kamarsa da riba. Amma tunda kamfanoni sun bambanta, ki karɓo takardar tsarin biyan kuɗinsu gaba ɗaya, ba 'yar takardar talla ba, ki kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ku karanta tare layi layi, musamman wajen da aka rubuta abun da ake biya in an kawo sabon mutum da abun da ake biya in an sayar da kaya. Kafin nan dai dan Allah kar a yi tallan a cikin aji, ɗalibanki ba zasu iya ce miki a'a ba.

Mai tambaya a kan kuɗin hayar shago a Kejetia, wasiƙarki ta iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.