Kada Ka Kai Wa Alhaji Karfasar Nan Gobe

Ka tambaye ni ko gobe za ka iya kai wa Alhaji kifayensa, tunda mun gama haɗa masa akwatin gilashin, an cika shi da ruwa, kuma ba ya yoyo. Ka ce 'ya'yan karfasa goma yake so, waɗanda wani masunci zai kawo masa daga dam ɗin Tiga, a haɗa su da jajayen kifin ado huɗu da 'yan guffi, wato ƙananan kifayen ado masu launi-launi, saboda yara. Ɗana, ba gobe ba, kuma ba wannan haɗin ba. Jawo benci ka zauna ka ji dalili, don kai ne za ka tsaya gabansa ka yi masa bayani.

Ruwan akwatin nan bai nuna ba tukuna. Kana ganinsa garau, kuma garau ɗin nan shi ke ruɗin masu saye. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya, mafi yawanta ta jan naman nan na gefen kansa da yake numfashi da shi, saura kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa. A dam ruwa ya fi ƙarfinta. A akwati ba ta da wurin zuwa. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, mazauninsu soson matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin, da jikin tsakuwa. Kashi ɗaya suna juya amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska, har ka duba jan naman ka ga ya koma ruwan ƙasa. Wani kashin kuma su juya wannan ta zama naitiret, wadda kifi ke iya zama da ita muddin ba ta taru ba, ita ce muke ragewa da canjin ruwa. Sabon soso fayau yake, kuma kafin ƙwayoyin nan su hayayyafa su ishi aikin sai an yi mako 4 zuwa 6. Ka zuba kifi 14 da 'yan guffi a ruwa irin wannan, kafin mako ya zagayo za ka gan su sun taru a sama suna haki, daga nan a fara tsamo gawa. Rai ne, kuma mu za a tambaya.

Akwai hanyar rage jiran. Ka yanko rabin soson tsohon akwatinmu na shago, ka sa shi cikin matatar Alhaji da danshinsa, kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a sabuwar madara don ta kama. Kullum a jefa ɗan abincin kifi kaɗan ya ruɓe, ƙwayoyin su sami abin ci. Sai ka riƙa aunawa da ruwan gwajin nan na kwalba. Ranar da amoniya da naitirait duka suka nuna sifili, a sa kifi biyu, a jira mako biyu kafin a ƙara.

To, ita kanta karfasa. Ina son kifin nan, ba na hana kowa ajiye ta, tana da juriya, kuma in ta saba da mai ba ta abinci, da ta hango shi za ta taso gaban gilashi. Amma Alhaji ɗan yatsa yake gani, ni kuwa kifin da zai wuce santimita 30 nake gani. Auna akwatin: tsawo santimita 120, faɗi 45, zurfi 45. Ka ninka su, ka raba da 1,000, lita 243 ke nan, in ka cire tsakuwa da sararin sama bai fi 200 ba. Uku ko huɗu ya isa, su ma akwai ranar da za su koma kwami. Wata biyar zuwa shida ta balaga. Namiji zai zaɓi kusurwa, ya dinga kwasar yashi da baki yana tofarwa har ya haƙa rami kamar faranti, ya tuge duk shukar da ka dasa, ya kori duk wanda ya matso. Mace ta zuba ƙwai a ramin, ta kwashe su a bakinta, ta yi mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin komai har 'ya'yan su fara iyo, in sun tsorata su koma bakin uwa da gudu. Wallahi abin kallo ne, yaran gidan ba za su manta ba. Sai dai haihuwa ɗaya ɗaruruwa ce, dole a san inda za a kai su tun kafin su zo. Ka jera manyan duwatsu da fasasshen tulu yadda wanda ake kora zai sami maɓuya, shukar ado kuma ka bar ta a shago.

Jan kifin ado ba abokin zamanta ba ne. Shi ruwa mai ɗan sanyi yake so, ba shi da sauri, ga doguwar jela, kwana kaɗan za ka ga an yayyaga ta. Guffi kuwa 'ya'yansu za su zama abinci, manyan a gajiyar da su da kora. A yi musu ƙaramin akwati daban a ɗakin yara. In lallai ana son abokin zama, a sa ƙurungu ɗaya, shi yana da ƙaya, yana ɓuya da rana, wasu irinsa ma a rigingine suke iyo. Da kwano za ka ɗauke shi, ƙayarsa tana maƙalewa a koma. Tarwaɗa kam ko a kyauta kada ka karɓa, abin da duk ya shiga bakinta ya tafi.

Kifin dam yakan zo da ƙwari da cuta a jikinsa. Na fi son a saya a gonar kifi, inda ya riga ya saba da abincin buhu. In ya ƙi sai na masuncin, su yi mako uku a bahon roba daban da famfon iska, ana duba jikinsu.

Ruwan famfo yana da kilorin, ka tara shi a duro ya yini ya kwana iska na kaɗa shi, ko ka ɗiga maganin kashe kilorin. Na burtsatse ba shi da wannan, amma iskarsa kaɗan ce, shi ma a kaɗa shi. In na 'yan garuwa ne, ka sansana jarkar, kada ta taɓa ɗaukar kalanzir ko sabulu. Duk mako a zuƙe kwata na ruwan da tiyo daga ƙasa inda datti yake, a mayar da sabo. Soso kuma a cikin ruwan da aka cire za a matse shi. Ka ja kunnen mai aikin gidan a kan wannan, don akwai masu tsabtar da za su kwashe kifi, su wanke komai da omo, su kashe aikin wata guda a safiya ɗaya. Abinci sau biyu a rana, iya abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku, wani lokaci a ƙara ganyen zogale ko alayyafo da aka tsoma a ruwan zafi.

Abin da ya fi damuna a garin nan wuta ce da yanayi. In nepa ta ɗauke na awanni, ƙwayoyin matatar ruwan su ma iska suke buƙata, sai su fara mutuwa. A watan Afrilu abin ya fi muni, don ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Famfon iska mai batir dole ne, ba ado ba ne, ko a jona na akwatin da inbata. Ranar da babu ko ɗaya, a hana su abinci, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama. Da hunturu kuma gilashi yana saurin yin sanyi da dare. Ƙasa da digiri 20 karfasa ta rage ci, wajen 11 ko 12 ta mutu, kuma bayan sanyi ne fararen ƙuraje masu kama da gishiri suka fi fitowa a jikinta. A sa hita a kan 27, da ma'aunin zafi a manne a gilashi.

Gobe ka je, amma da soso a leda cike da ruwa, da kwalaben gwaji, da famfon batir. Ka sake duba teburin, nauyin da ke kansa ya kusa kilo 300, kuma ka tabbata rana ba ta dukan gilashin ta taga. Ka gaishe shi da ladabi, ka faɗa masa abin da na faɗa maka, ka sa masa ranar da za ka dawo awo. In ya nace sai goma kuma sai gobe, kada ka yi gardama da babba, ka ce maigidanka ya hana, ya kira ni.