Amsar tambayar Baffa: me ya zaunar da mu a garin da ƙasa ke girgiza?

Assalamu alaikum Baffa, Allah ya ƙara girma. Ina gaishe ku da su Inna da duk mutanen gida a Bauchi. Saƙonku ya iso, inda kuke tambaya ko da gaske ne ƙasa na girgiza a inda muke, in kuwa haka ne me ya zaunar da mu har da yara. Wanda ya ba ku labari bai yi ƙari ba.

Norcia, inda muke zaune, ƙaramin gari ne a yankin Umbria da ke tsakiyar Italiya, mutanensa wajen dubu biyar, duwatsun Apennine sun kewaye shi. Masana sun ce ƙasar da ke ƙarƙashin duwatsun nan buɗewa take yi a hankali, milimita kaɗan a shekara. Dutse ya yi ta jurewa shekara da shekaru, ran da ya kasa sai ya tsage ya zame, mu da ke sama mu ji a jikinmu. An yi babbar girgiza a 1703, an yi a 1859, an sake a 1979. A 2009 ta auka wa birnin L'Aquila da ke kudu da mu, mutum 309 suka mutu.

Wadda kowa ke magana a kai ita ce ta 2016. Daren 24 ga Agusta, ƙarfe 3:36, mutane na barci, ta kashe mutum 299, akasarinsu a Amatrice, wani garin kan dutse da ba shi da nisa da mu. Lokacin hutu ne, garin ya cika da baƙi. Norcia ma ta girgizu sosai a daren, gidaje sun tsattsage, amma ba a rasa rai ba. Sai kuma safiyar Lahadi 30 ga Oktoba, ƙarfe 7:40, aka yi mai ƙarfin maki 6.5, wadda Italiya ba ta ga irinta ba tun 1980, kuma kusan a ƙofar garinmu ta tashi. Babban cocin garin ya zube, bangon gaba kawai ya tsaya. Wajen ƙauyen Castelluccio ƙasa ta nutse kusan santimita 70. Duk da haka gini bai danne kowa ya mutu ba. Girgizar da aka yi kwana huɗu kafin nan ta riga ta fitar da mutane daga gidaje, wannan ya taimaka.

Sauran dalilin kuwa gini ne, kuma nan ne bakina ya fi ƙarfi tunda aikina ke nan. Bayan ta 1859 hukuma ta kafa wa Norcia dokar gini: kada gida ya yi tsawo, bango ya yi kauri, gindinsa ya fi samansa faɗi. Bayan ta 1979 aka sake bin tsofaffin gidaje ana ɗaure bango da bango da sandunan ƙarfe. In kun bi layi za ku ga kawunan ƙarfen sun leƙo a jikin bango. A Amatrice gidaje da yawa duwatsu ne aka jera da kwaɓi mara ƙarfi, wasu ma aka ɗora musu rufin kankare mai nauyi daga baya. Bango ya motsa, rufi ya sauko.

Shi ya sa mu Hausawan da ke nan, 'yan Najeriya da Nijar da Gana, ba mu da yawa, in baƙo ya zo neman haya ba ma fara tambayar kuɗi. Shekarar da aka gina gidan muke tambaya, da ko an gyara shi bayan girgiza. Gida mai araha a tsohuwar unguwa, in ba a ɗaure shi ba, ko kyauta ne muna hana ɗan'uwa shiga.

Cikin gida kuma akwai abubuwan da suka zama jiki. Kowa na da jaka a bakin ƙofa, da fasfo da takardar zama da magani da tocila, domin baƙon da takardunsa suka binne wahalarsa biyu ce. Ana ɗaure kabad da bango, ba a rataya abu mai nauyi saitin gado. Mata na kwana da hijabi kusa da filo, kada neman mayafi ya tsayar da su. Mota ba ta kwana ba mai, don in ƙasa ta ƙi lafawa a ciki ake barci, sanyin nan kuwa ba irin hunturun gida ba ne, ƙanƙara ce. Yara a makaranta ake koya musu su shige ƙarƙashin tebur, kada su bi matakala sai ta tsaya. Su ne ma ke yi mana gyara. Da ta lafa kowa ya rubuta "lafiya" a zaurenmu na WhatsApp, wanda aka ji shiru a bi shi har gida.

Kun ce ajali ba ya wuce lokacinsa, haka ne Baffa, ba mu da ja. Malaminmu kan tuna mana lokacin da Sayyidina Umar ya fasa shiga Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Malamin ya kuma ce in girgiza ta same ka kana salla kuma rai na cikin haɗari, ka yanke, ka sake daga baya.

Abin da ya zaunar da mu abinci ne. Aikin sake gina garuruwan nan bai ƙare ba, ga kiwon tumaki ga gona, yara kuma sun saba da makarantarsu. Mutanen Gombe ma ba su bar gari don kwari na cin unguwanni ba, wurin kafa gida suke dubawa.

Ku kwantar da hankali game da Bauchi, ba a kan irin wannan tsaga take ba, ko da yake an ji motsi a Mpape ta Abuja a 2018. A Toro ma akwai cibiyar gwamnati mai na'urorin auna motsin ƙasa. Amma don Allah gidan da ake gina mini a Fadaman Mada, ku tsaya wa magini kada ya rage rodi a ginshiƙi da linta, ko ya ce ɓarnar kuɗi ce. Zan aiko da cikon kuɗin siminti ƙarshen wata in sha Allah.