Ƙirga ƙafafu kafin ka sayi magani

Wani mai garka daga Gidimuni ya aiko da tambaya: "Ganyen tumatirina ya yi ɗigo-ɗigo yana bushewa, ga saƙa kamar ta gizo a ƙarƙashinsa. Sau 3 ina feshi, abin sai gaba yake yi."

Malam, sannu da ƙoƙari, amma maganin bai dace da maɓarnacin ba. Mu a baki kowane ƙaramin abu ƙwaro ne, alhali dangi-dangi suke. Fara, gara da darɓa ƙafa 6 gare su, jikinsu kashi 3: kai, ƙirji da ciki. Abin da ke cin tumatirinka jan gizo ne, ɗan uwan kaska da kunama, babbansa ƙafa 8. Yawancin maganin da ake fesa wa masu ƙafa 6 ba ya kashe shi, sai dai ya kashe ƙwarin da ke cinye shi, shi kuwa ya samu fili. Zafi da ƙura ne abokansa. Ka nemi mai sinadarin abamektin ko farar wuta, ka jiƙa bayan ganye sosai, domin can yake zaune. Shukar da ta riga ta lalace a tuge ta a ƙone.

Wata baiwar Allah daga Mirya ta ce kuɓewarta na yaushi ko an ba ta ruwa, saiwar duk ƙulli.

Hajiya, wannan tsutsar ƙasa ce da ake kira nematod. Ba ƙafa, ba gaɓa, ido ma ba ya ganinta, feshin ganye kuma ba ya kai mata. Ki daina shuka kuɓewa da tumatir a wurin, ki sa hatsi ko dawa, ki yawaita takin gida. Kada dai a rikita wannan ƙullin da na saiwar wake da gyaɗa: nasu alheri ne, yana ɓallewa idan an murza.

Daga Magarya kuma ana tambaya ina murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ke shiga da rani.

Tana nan ƙarƙashin gonarka, Alhaji. Rayuwarta hawa 4 ce. Uwar, mai fiffike ce da ke yawon dare, tana ƙwai a kan zangarniya da zarar ta fito. Tsutsar ta yi ta sassaƙar zangarniya tana kewayawa, in ta ƙoshi ta sauka ƙasa ta dunƙule, ta kwana nan har damana ta dawo. Lokacin da take ɓarna tana ɓoye cikin zangarniya, shi ya sa feshi ke zama asarar kuɗi. Abin da na fi yarda da shi shi ne wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, suka yi aiki a kansa: ana rataye buhunansa kusa da gonaki, ya harbi tsutsar ya yi ƙwai a kanta. Gari guda ake haɗa kai a sake shi lokacin da hatsi ke fidda kai.

Fara ba ta bin wannan hanya. Daga ƙwai sai ɗa mai kama da uwarsa, fiffike kawai ya rasa. A tare ta tun tana tsalle a bakin gona.