Amsar tambayarki kan shiga tsakanin miji da mata

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce ku matan layinku kuna son haɗa kai saboda dukan mata da lalata da ƙananan yara da ake ta ji a unguwa, sai wasu dattawa suka ce muku al'ada ba ta yarda a shiga tsakanin miji da mata ba, kina so ki ji gaskiyar maganar.

Al'ada ta yarda a shiga, har ta tsara ta inda ake shiga. Aikin yaji da biko ke nan. Mace idan ta ga wuya, gidan waliyyinta take tafiya, kuma ba a cewa ta yi laifi. Miji ba ya zuwa shi kaɗai ya ja hannunta. Manyansa yake turowa, a zauna a ji abin da ya faru, a ja masa kunne, a sa sharaɗi kafin ta koma. Alƙur'ani ma ya zo da wannan a Suratun Nisa'i, aya ta 35: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Abin da ya lalace yanzu shi ne a mayar da yarinya a daren da ta zo, fuska a kumbure, a ce ta je ta yi haƙuri. Wani lokaci rashin wurin kwana da abinci ke sa iyaye yin haka, wani lokaci gudun a ce 'yarsu ta zama bazawara. Ko wanne ne, miji ya gane cewa babu abin da zai biyo baya, kuma duka na biyu ya kan fi na farko.

To idan mace ta kawo muku kuka, ku fara da lafiyarta. A kai ta asibiti, a ajiye katin da takardar magani, a ɗauki hoton raunin da izininta, a rubuta ranar. Wajen sulhu a saurare ta ita kaɗai tukuna, domin a gaban miji da surukai yawancin mata shiru suke yi. Sharaɗin komawa a rubuta shi, mai unguwa da waliyyi su sa hannu, a sa wata dattijuwa ta riƙa leƙa ta ko sau ɗaya a mako. Kada ki raina takardun nan. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, idan cutarwa ta tabbata, alƙali na iya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Idan babu shaida, sai a tura ta ga khul'i, ita da aka daka kuma ita ce mai biya.

Akwai inda ba a gaggawar biko sam: idan ya shaƙe ta a wuya, ko ya ɗauko mata makami, ko ya doke ta tana da ciki, ko ya ce zai kashe ta. Wannan ta zauna gida, magana ta tafi kotu.

Fyaɗe kuwa ba shi da zaman sulhu. A nan ne ake yawan fakewa da rufin asiri, dangin mai laifi su zo da kuɗi da manyan unguwa a kashe magana, wani lokaci har a ce ya aure ta. Wanda aka rufa wa asirin shi ne mai laifin, kuma zai koma kan wata. Ku haddace lokutan nan: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 babu tsallake; maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, cikin kwana 5. Kada a yi mata wanka ko a wanke tufafin kafin likita ya duba. A naɗe su cikin takarda, don leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. Ko an riga an yi wankan, a je dai. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: a Kano cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna cibiyoyin Salama, a Sakkwato cibiyar Nana Khadija. Daga nan sai 'yan sanda. Dokar hana cin zarafi ta VAPP ta tarayya ta fito a 2015, amma kowace jiha sai ta amince da tata, don haka ku tambayi lauyoyin FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, abin da ke aiki a jiharku.

Wajen rigakafi, ku sa ido kan talla. Yarinya 'yar shekara tara da faranti tana shiga kango da shagunan samari bayan magariba, tana cikin babban haɗari. Idan ba za a iya hana tallan ba, a hana shiga ɗaki, a hana kaiwa dare, su riƙa tafiya bibbiyu. Ku kuma tuna sau da yawa mai laifin na gida ne ko maƙwabci, don haka yarinyar da ta ce ba ta son a aike ta wurin wane, a tambaye ta dalili a hankali, ban da tsawa.

Ƙungiyar kada ta yi yawa. Mutum biyar zuwa bakwai sun isa: ungozoma, malamar Islamiyya, ma'aikaciyar lafiya, da dattawa maza biyu da ake jin maganarsu. Kada ku bar maza a baya. A Damagaram ta Nijar, makarantun magidanta, inda maza ke zama suna tattauna lafiyar iyali, sun nuna cewa namiji ya fi karɓar gyara daga bakin ɗan'uwansa namiji. Ku fara gaisuwa wurin mai unguwa da liman kafin komai, ku roƙi liman ya taɓo maganar a huɗuba. Ku buɗe ɗan asusu na kuɗin mota, domin rashinsa kan sa awa 72 ɗin nan ta wuce. Sunan yarinya da hotonta kuma kada su shiga WhatsApp, ko a zaurenku. Wadda bakinta bai riƙe magana, ko 'yar'uwarki ce, kada ki sa ta ciki.

Ki gaida mahaifiyarki.

Gwaggonki