Amsa ga ƙanena a kan aikin sansanin Rota

Ƙanena, saƙonka ya iso, kamar yadda na samarin ƙauyenmu na gefen Gumel ke isowa duk lokacin da aka sayar da riɗi, kuɗi ya shigo hannu. Ka ce wani dillali a Kano ya tabbatar maka Amurkawa na ɗibar leburori a sansanin sojan ruwa na Rota, har kana lallashin Baba ya jinginar da gonar fadama.

Ina zaune a Jerez, kusa da wurin, saboda haka ka saurare ni. Rota ƙaramin gari ne a bakin teku cikin lardin Kadis, a kudancin Sifaniya, kuma sansanin ya samo asali ne daga yarjejeniyar da Janar Franco, shugaban Sifaniya na wancan lokaci, ya ƙulla da Amurka a 1953. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk da jiragen yaƙin Amurka da ke girke a tashar, filin na Sifaniya ne, kwamandan sansanin ma hafsan Sifaniya ne, kuma ma'aikatan farar hula na yankin ta hannun ma'aikatar tsaron Sifaniya ake ɗaukarsu. Daga bakin ruwan da jama'a ke wanka kana hango jiragen, amma shinge da masu gadi ne tsakaninka da su, kuma marar takardu ba ya ko kusantar ƙofar. Lardin Kadis yana cikin waɗanda rashin aiki ya fi yi wa katutu a ƙasar, 'yan garin da kakanninsu suka yi aiki a sansanin su ma layi suke bi. To, ta ina dillalin Kano zai shigar da kai?

Akwai abin da ba zai gaya maka ba. A watan Oktoba na 2003 wani kwalekwale da ya taso daga Maroko ya kife daura da Rota, teku ta yi ta fito da gawarwaki har 37, ga sansanin nan da jiragensa a kusa.

Ni da na tsira da raina a hanya, a gonakin lardin Huelva, maƙwabcin Kadis, na ƙare, ina tsinkar 'ya'yan itace a duƙe, ina kwana a bukkar leda, har wani mai gona ya cinye min ladan wata guda saboda ya san ba ni da bakin kai ƙara. Izinin zaman da nake tinƙaho da shi yau sai da na shekara da shekaru kafin na same shi, kuma ko da aka sassauta dokar a 2025, sai mutum ya nuna shaidar zaman shekara biyu kafin a saurare shi.

Kada ka ba mutumin nan ko kwabo, kuma ka ƙyale Baba da gonarsa. Ka turo min hoton takardunka na difloma in duba ko bizar karatu za ta yiwu, amma ban yi maka alkawari ba. Ka gaida Inna.