Kafin ka bar manhaja ta zaɓa maka wanda za ka ba bashi

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan lantarki a ƙasashen Tarayyar Turai ya rubuto mini. Yana bayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan, kuma an tallata masa manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ta riƙa tantance wanda ya cancanci bashi. Masu manhajar sun yi masa tayin maƙala sunan kamfaninsa a kanta. Tambayarsa: ya karɓa?

Alhaji, manhajar za ka iya saya. Sunanka kuwa, kada ka yarda a sa.

Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, tana rarraba manhaja ne bisa aikin da aka sa ta, ba bisa tsadarta ko ƙwarewarta ba. Wadda ke ƙidaya maka kaya a sito babu ruwan kowa da ita. Wadda ke auna cancantar mutum wajen bashi tana cikin rukunin masu babban haɗari, tare da masu tace takardun neman aiki da masu yanke kuɗin inshorar lafiya. An cire manhajar da aikinta gano zambar kuɗi ne daga wannan rukuni.

To, dokar ta bambanta mai samar da manhaja da mai amfani da ita, kuma a nan kuɗinka yake. A wuyan mai samarwa nauyi ya fi yawa: gwajin inganci, tsabtace bayanan da aka horar da manhajar da su, rubuta takardun fasaha, rajista, da tambarin CE, wato alamar da ke nuna kaya sun cika ƙa'idojin Tarayyar Turai. Ranar da sunanka ya hau kan manhajar, ko ka yi mata babban sauyi, doka na iya ɗaukarka a matsayin mai samarwa. Ka ga an ɗora maka kayan da ba kai ka ɗaure ba. Na ga ƙananan 'yan kasuwa da yawa suna ruɗuwa da ganin tambarinsu a allo, abin yana damuna ƙwarai.

Ko a matsayin mai amfani ma akwai aiki a gabanka. Sai ka sa ma'aikaci da ya san abin, mai ikon soke hukuncin na'ura. Sai ka adana rikodin ayyukanta na aƙalla wata 6. Kafin ka fara, sai ka rubuta nazarin yadda za ta shafi haƙƙin mutane. Abokin cinikin da aka hana bashi kuma yana da damar neman bayani, "kwamfuta ce ta ce" ba amsa ba ce. Saɓa waɗannan na iya jawo tarar da ta kai Yuro miliyan 15 ko kashi 3 cikin ɗari na cinikin shekara, ƙananan kamfanoni kuma ana yi musu lissafi da mafi ƙanƙanta a ciki.

Saboda haka ka haɗa albashin wannan ma'aikaci da kuɗin lauya a cikin farashin manhajar, sannan ka kwatanta da asarar da masu cin bashi suka ja maka bara. Ka kuma nemi masu sayarwa su rubuta a yarjejeniya cewa su ne masu samarwa, su ba ka takardar shaidar bin doka. In sun fara kame-kame a kan wannan, ka riƙe kuɗinka.